Daga Kaka Zuwa Hunturu: Shawarwari 24 Ga Mai Shirin Gudun Fanfalaki

Da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, taɓo ya bushe a hanyoyi, safiya ta fara sanyi, to lokacin mai son gudu ya yi. Daga Oktoba zuwa Fabrairu babu watannin da suka fi daɗin dogon gudu a Arewa, sai kuma aka yi dace a watan Fabrairun ne ake gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a shekarar 2016. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, kamar kowane fanfalaki a duniya. Waɗannan shawarwari na malamin makaranta ne, da ɗan kasuwa, da ma'aikaciyar asibiti, masu gudu don sha'awa da lafiya, waɗanda burinsu su kai ƙarshe da ƙafarsu, su dawo gida ƙalau. Yawancin abin da ake buƙata yana nan cikin gidanka. Sauran kuwa haƙuri ne na wata huɗu, da sanin halin hunturu, domin sanyinsa yana taimakon mai gudu, ƙurarsa da bushewarsa kuma suna yi masa ɓarna ba tare da ya ankara ba.

1. Auna ƙarfinka kafin ka yi rajista.
Idan ka yi wata biyu ko uku kana fita sau uku a mako, kuma kana iya gudun awa ɗaya ba ka galabaita ba, to bismillah. Idan kuwa yau za ka fara, ka shiga gudun kilomita 10 da ake yi rana ɗaya da babban, ka bar fanfalakin sai baɗi. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da wahala, amma ƙashi da jijiya sai a hankali, kuma su ne suke fara kawo ƙara idan aka matsa musu.

2. Leƙa asibiti tukuna.
A auna maka jini da sukari, a saurari bugun zuciyarka, musamman idan ka haura shekara arba'in ko akwai ciwon zuciya a danginku. Mai asma da mai ɗauke da ƙwayar sikila su gaya wa likita abin da suke shirin yi, domin ƙura da ƙarancin ruwa a jiki sun fi yi musu illa. Duk ranar da ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka kana cikin gudu, tsaya nan take, kuma kada ka sake fita sai an duba ka.

3. Ƙirgo makonni daga baya.
Samo kalandar bango, ka zagaye ranar tseren, ka ƙirgo mako 16 zuwa 18 baya, a nan shirinka zai fara, wato cikin Oktoba ga mai nufin Legas. Kullum ka dawo, rubuta nisan da ka yi a gidan ranar, domin abin da ido ke gani a bango ya fi wuyar tsallakewa. Duba kuma inda azumi ya faɗo: a 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, saboda haka idan zai shigo cikin shirinka, ka kammala dogayen gudunka kafin a ga wata.

4. Zauna da mutanen gida tun farko.
Shirin nan zai ci maka safiyar Asabar ko Lahadi har tsawon wata huɗu, zai ƙara yawan wanki, zai kuma ƙara maka ci. Ku daidaita wa zai kai yara makaranta a ranakun da za ka fita, ka bar kuɗin cefane tun da dare, ka wanke kayan gudunka da kanka. Gidan da aka yi shawara da shi yakan tashe ka idan ka makara, wanda aka yi wa ba-zata kuwa sai ya gaji da kai tun kafin Disamba.

5. Kwana huɗu a mako sun isa.
Uku gajeru, kilomita 5 zuwa 10, sai dogo guda ɗaya a ƙarshen mako, kuma kada ka jera biyu masu wuya a kwana biyu. A ranakun hutu da cikin barci ne jiki yake gyara abin da gudu ya taɓa, daga nan ƙarfi yake zuwa. Mai tashi da asuba ya rage hira da duba waya bayan isha'i, ya nemi barcin awa bakwai ko takwas.

6. Yi gudun da za ka iya hira a cikinsa.
Idan ba ka iya gaya wa abokin tafiyarka jimla guda cikakkiya sai ka haɗa da haki, to ka yi sauri da yawa, sassauta. Hatta 'yan Kenya da suke atisaye a garin Iten, waɗanda duniya ta san su da wannan gudu, yawancin kilomitocinsu a tsanake suke yin su. Sau ɗaya a mako ya isa ka ɗan ƙara wuta na minti biyu ko uku, ka sassauta, ka sake, kamar sau biyar ko shida.

7. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan.
Ƙa'idar da masu gudu suka daɗe suna bi ita ce kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya: wanda ya haɗa kilomita 30, ya yi 33. Duk mako na huɗu ka rage, ka bar jiki ya numfasa, sannan ka ci gaba. Idan wata hidima ko mura ta sa ka rasa kwanaki, kada ka ce za ka rama, ɗora daga inda ka tsaya, sannu ba ta hana zuwa.

8. Riƙe dogon gudun ƙarshen mako da muhimmanci.
Shi ne zai kai ka ƙarshe ranar tsere, saboda haka ko da wani zai faɗi a mako, kada ya zama shi. Fara da kilomita 12 ko 14, kana ƙara kamar biyu-biyu, har ka kai 30 zuwa 32 ana saura mako uku, kuma ba sai ka yi 42 a gida ba, domin gajiyarsa za ta bi ka har Legas. Taka ƙafa na minti ɗaya bayan kowane minti goma ba abin kunya ba ne, mutane da yawa da haka suke kammala fanfalaki.

9. San tsawon hanyarka.
Manhajar waya tana auna nisa kyauta, idan babu kuma ka roƙi mai babur ya bi hanyar da kai, ku duba lambar kilomita kafin tashi da bayan isa. Zagaye ɗaya na layin gudu a filin wasa, irin na Ahmadu Bello a Kaduna ko na Sani Abacha a Kano, mita 400 ne, wato zagaye 25 kilomita 10 ke nan. Hanyar burji ta fi sauƙi ga gwiwa, amma tunda a kan kwalta za a yi tseren, ka riƙa yin wani ɓangare na dogon gudunka a kanta domin ƙafa ta saba.

10. Kashe kuɗinka a takalmi, sauran duk sauƙi ne.
Kambas na gwanjo yana yi, in dai ka duba shi da kyau: aje shi a kan tebur ka dube shi ta baya, idan ya karkace gefe guda ya ci zamaninsa, sannan ka danna tsakiyar ƙasansa da babban yatsa, idan ya taurare ko ya yi tamoji-tamoji bar shi. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, kuma a sami sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Gaskiya ne Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a birnin Rum a 1960 ba takalmi, amma ƙafarsa ta daɗe da sabawa, taka kuwa tana buƙatar kariya daga kwalba da ƙusa.

11. Riguna biyu marasa nauyi sun fi suwaita ɗaya mai kauri.
Sanyin asuba a Disamba da Janairu yana sa mutum ya jibga kaya, bayan minti goma kuma ya rasa inda zai sa kansa don zafi. Sa rigar ƙwallo a ciki, domin ba ta riƙe gumi kamar ta auduga, ka ɗora mai dogon hannu wadda za ka iya cirewa ka ɗaura a ƙugu, ka rufe kunne da hular sanyi, tsohuwar safa kuma ta isa ta rufe hannu. Kana dawowa ka tuɓe jiƙaƙƙen kaya kafin ka tsaya gaisawa a ƙofar gida, domin iskar hunturu tana saurin sanyaya jikin da ya jiƙe.

12. Ɗumama jiki kafin ka ɗauki hanya.
Tsokar da ta kwana cikin sanyi ba ta son a fizge ta. Taka da sauri na minti biyar, ka yi ɗan sassarfa na wasu biyar, ka jujjuya idon sawu da ƙugu, sannan ka shiga gudu sosai. Miƙar da jijiya mai tsawo ka bar ta sai bayan ka dawo, lokacin da jiki ya yi laushi.

13. Ajiye basilin ko man kaɗanya a bakin ƙofa.
Shafa a leɓe da bakin hanci domin kauce wa tsagewa da haɓo, ka shafa a tsakanin cinyoyi, da hammata, da yatsun ƙafa, inda gogayya take saɓule fata ko ta tayar da bororo. Maza su manna ɗan filasta a kan nono kafin dogon gudu, domin riga tana goge wurin har ya yi jini. Da dare a wanke ƙafa, a shafe dunduniya da mai, a sa safa, domin faso ɗaya ya isa ya hana ka fita mako guda.

14. Dubi hazo kafin ka ɗaura takalmi.
Zaɓi wani abu mai nisa da ka saba hangowa daga ƙofar gida, hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sabis, ranar da ƙura ta ɓoye shi ka gajarta gudun ko ka ɗaga shi zuwa gobe. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai zaune, kuma yawanci ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace ta. Kauce wa manyan tituna da unguwannin da ake ƙona bola ko jin ɗumi da tsohuwar taya, mai asma kuma kada ya fita sai da abin shaƙarsa a aljihu.

15. Kada hunturu ya ruɗe ka game da ƙishirwa.
Iskar ta bushe har gumi yana tashi kafin ka gan shi, sai dai ka dawo ka tarar da farin gishiri ya yi layi a goshinka da wuyan rigarka, alamar ruwa ya fita da yawa ke nan. Hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai ka mayar da ita a hankali cikin yinin. Fitsari ma yana ba da labari, idan ya yi duhu kamar ruwan shayi ka ƙara sha, idan ya yi haske-haske kana daidai.

16. Haɗa ruwan gishiri da sukari da kanka.
A ruwan leda biyu, wato lita ɗaya, zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin, ka matsa lemon tsami idan kana son ɗanɗano. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a duk gudun da ya wuce awa ɗaya, ko ka aje gorar a shagon wani da ka sani a kan hanyar da kake zagayawa. Kada kuma ka yi ta ɗura ruwa zalla fiye da ƙishinka, domin yawansa yana tsinka gishirin jini, abin da kan kawo ciwon kai da amai, wani lokaci har da suma.

17. Zuba dabino a aljihu.
Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta kamar tankin babur yake, yana da iyaka, kuma wajen kilomita 30 yakan ƙare, shi ya sa za ka ga mai gudu lafiya lau ƙafa ta ƙi ɗaguwa farat ɗaya. Maganin abin shi ne ka fara ci tun kafin ka ji yunwa: bayan minti 45 da tashi, dabino biyu ko uku duk rabin awa, ka bi da ruwa. Cire ƙwallayen tun a gida, kuma ka gwada wannan a kowane dogon gudu domin ciki ya saba karɓar abinci ana tafe.

18. Tukunyar gida ta wadatar.
Daren dogon gudu ka ci tuwon shinkafa, ko taliya, ko dankali, ka rage yaji da mai, wake kuma ka bar shi sai an dawo, saboda kada ciki ya tsayar da kai a hanya. Da asuba kofin koko ko ayaba ɗaya da ɗan burodi ya isa. Cikin awa ɗaya da dawowa ka sami fura da nono, ko ƙosai da kunun gyaɗa, ko ƙwai biyu, da rana kuma a sa zogale ko alayyafo a miya, domin su ne kayan gyaran tsoka da jini.

19. Bari a gan ka, kai ma ka gani.
A wannan lokaci gari yana jinkirin wayewa, ga hazo, saboda haka sa riga mai haske ka riƙe 'yar tocila. Bi gefen hagu na titi domin ka fuskanci motoci da adaidaita sahu masu tahowa, ka bar abin sauraren kiɗa a gida. Gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo, ka sa kuɗin mota da takarda mai lambar wayar wani naka a aljihu.

20. Nemi abokin fita.
Ranar da bargo ya yi daɗi, sanin cewa wani yana tsaye yana jiranka a bakin masallaci shi ne zai fitar da kai. Mata su haɗu su biyu ko uku, su zaɓi filin wasa ko harabar makaranta, da dogon wando sakakke da hijabi mara nauyi wanda iska ke ratsawa. Idan babu mai gudu a kusa, ƙane ko ɗa a kan keke ya isa, ya riƙe maka gorar ruwa kuna tafe kuna hira.

21. Ƙarfafa ƙafa a tsakar gida.
Sau biyu a mako, minti goma sha biyar: tsuguna ka miƙe sau goma sha biyar, hau dakali ka sauko da kowace ƙafa, tsaya a kan yatsu ka ɗaga dunduniya domin sharaɓa ta yi ƙwari. Yawancin ciwon gwiwa na masu gudu daga raunin cinya da ƙugu yake tasowa. Ranar da ƙura ta hana fita, wannan ne aikinka.

22. Bambanta gajiya da ciwo.
Tsamin jiki da ya watsu ko'ina kuma yake sakin ka bayan ka ɗumama, wannan na kowa ne, amma ciwon da ya tsaya wuri guda a ƙwauri ko gwiwa ko tafin ƙafa, yana ƙaruwa kana gudu ko yana sa ka ɗingishi, hutu yake nema, idan ya wuce mako kuma a je asibiti. Kada ka sha maganin kashe zafi daga kemis don ka iya fita, domin irin su ibuprofen da diclofenac suna wahalar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa, kuma suna ɓoye raunin da yake ƙara girma. Ƙarshen damina lokacin sauro ne, ka kwana cikin gidan sauro, kuma idan zazzaɓi ya kama ka a yi gwaji, a sha magani, babu gudu sai ka warware sarai.

23. Shirya wa zafin Legas, ka kuma rage nisa a makonni ukun ƙarshe.
Wannan ne tarkon da ya fi kama mutanen Arewa: ka saba da busasshen sanyi, can kuwa za ka tarar da zafi da danshin teku, inda gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Ana saura mako biyu, mayar da wasu gajerun gudunka zuwa hantsi ko bayan la'asar, a tsanake kuma da ruwa a hannu, domin jiki yana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da zafi. A daidai wannan lokaci kana rage nisa mako bayan mako, har makon ƙarshe ya zama ɗan motsa ƙafa kawai, kuma kada ka ji tsoron ƙarfinka zai zube, taruwa yake yi.

24. Ranar tsere kada ka gwada sabon abu.
Isa garin da kwana biyu domin gajiyar mota ta sake ka, ka karɓi lambarka da wuri, ka sa takalmi da safa da rigar da ka saba da su, ka karya da abin da cikinka ya sani. Da an tashi, bar masu zumuɗi su wuce, ka riƙe saurin da ya gaza na gida kaɗan, domin a shekarun da hanyar take bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, babu inuwa ko ta sisi a kanta, kuma wanda ya ƙone ƙarfinsa a nan zai biya a kilomita goman ƙarshe. Kurɓi ruwa a wuraren da aka tanada, ka zuba saura a ka da wuya, idan kuma ka ji sanyi yana ratsa ka cikin rana ko kanka ya fara juyawa, nemi masu ba da agaji ba tare da jinkiri ba.

Bayan ka tsallake layin ƙarshe, kada ka zube a ƙasa, ci gaba da takawa na minti goma, ka sha ruwan gishiri da sukari, ka ci abinci, ka kira gida. Ba wa jikinka mako ɗaya ko biyu na tafiya kawai kafin ka koma gudu. Ko awa huɗu ka yi ko shida, nisan da zakarun Kenya da Habasha suka yi shi ka yi, ba a rage maka ko taku ɗaya ba. Idan ka dawo, ka ja maƙwabcinka ku fara da kilomita biyu, ka koya masa abin da ka koya. Allah ya ba da sa'a, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.